John Wilkinson, maƙerin da ya sa tururi ya yi zuga

A bakin maƙera

Duk yaron da ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya san aikin zuga-zugi. Maƙeri yana zaune gaban uwar maƙera, masaba a hannun dama, awartaki a hannun hagu. A gefensa ga ɗansa yana riƙe da zuga-zugai biyu na fatar akuya, yana danna wannan, yana ɗaga wancan. Iska tana shiga cikin gawayi, wuta tana yin ja, ƙarfe yana yin laushi. Idan mai zuga ya gaji ya tsaya, nan da nan wuta ta lafa, aiki ya tsaya. Daga Maraɗi da Damagaram zuwa Kano, har zangunan Nima da Mamobi a birnin Ankara na ƙasar Gana, kowa ya san sai da iska wuta take ci.

Mutanen Afirka sun daɗe da sanin ƙarfe. A duwatsun Tarmit, gabashin Nijar, an sami alamun narka tama tun kafin haihuwar Annabi Isa. A Kano kuma ana ba da labarin maƙeran da suka zauna gindin Dutsen Dala saboda tamar da ke wurin. Sukan gina tanderu na yumɓu, su cika shi da tama da gawayi, su kunna wuta. A wani wuri ana zuga, a wani wuri tanderun ne ke jan iska da kansa ta ƴan ramukan da ke gindinsa. A ƙarshe sai a fitar da curin ƙarfe, a kai maƙera.

Wannan labari na wani maƙeri ne na ƙasar Ingila. Shi ma iska ce ta zame masa babbar damuwa.

Ƙuruciyarsa

An haifi John Wilkinson a shekara ta 1728, a ƙauyen Little Clifton, arewacin Ingila. Sunan mahaifinsa Isaac, wato Isiyaku. Aikinsa zubin ƙarfe: yakan zuba narkakken ƙarfe cikin gurbin yashi, ya fitar da tukwane da sauran kayan gida. Mutum ne mai dabara. A shekara ta 1738 ya sami takardar hukuma a kan wani sabon dutsen guga da ya ƙirƙiro.

John ya tashi cikin hayaƙi da ƙarar guduma. Tun yana ƙarami ya san kalar wutar da ta isa narka ƙarfe da wadda ba ta isa ba. Duk da haka mahaifinsa bai bar shi ba karatu ba. Ya sa shi makaranta a garin Kendal, ya koyi rubutu da lissafi. Da ya kai shekara 17, a 1745, aka kai shi birnin Liverpool wajen wani ɗan kasuwa. Ya yi shekara biyar yana koyon saye da sayarwa. Ta haka ya haɗa abu uku: sana'ar gado, karatu, da sanin kasuwa.

A shekara ta 1753 mahaifinsa ya kama wani tanderu a Bersham, cikin yankin Wales. John ya yi aiki tare da shi. A 1757 kuma ya shiga haɗin jari da wasu mutane a Willey, kusa da garin Broseley da kogin Severn. Suka gina sabon tanderu, aka sa masa suna New Willey. Wajen 1766 ya buɗe wata masana'anta a Bradley, inda kwal da tama suke kwance a ƙarƙashin ƙasa wuri ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tanderu mai ƙishin iska

Tanderun Ingila ya bambanta da na yumɓu. Dogon gini ne na dutse da tubali, ya fi gidan bene tsawo. Ta sama ake zuba tama da makamashi da dutsen farar ƙasa. Ta ƙasa ake hura iska. Zafin cikinsa yakan wuce digiri 1200, har ƙarfe ya narke ya kwarara kamar kunu. Idan aka kunna shi, ba a kashewa. Dare da rana yake ci, wata da watanni. In iska ta yanke ta daɗe, ƙarfen ciki yakan daskare, sai an fasa gindin tanderun kafin a sake aiki. Wannan babbar hasara ce.

Da farko gawayin itace ake sawa. Amma dazuzzukan Ingila ba su iya ciyar da tanderu masu yawa, gawayi ya yi tsada. A shekara ta 1709 wani mutum mai suna Abraham Darby ya yi nasarar narka tama da gasasshen kwal. Kwal shi ne gawayin da ake haƙowa daga ƙasa, irin wanda ake haƙa a Anu Araran, cikin jihar Agadas. Ana gasa shi tukuna don hayaƙi da dattinsa su fita. Gasasshen kwal ya fi gawayi araha da tauri, amma yana da wuyar kamawa. Sai an hura masa iska mai ƙarfin gaske yake ci sosai.

To, wa zai yi wannan zuga? Hannun mutum ba ya iyawa. Saboda haka ake gina tanderu a bakin rafi. Ana tare ruwa, a sake shi kan wata babbar ƙafa ta katako mai kama da ƙafar amalanke. Ruwa yana juya ƙafar, ita kuma tana danna manyan zuga-zugai na fata da katako. Fata takan tsage, iska ta riƙa zurarewa. Shi ya sa a 1757 Isiyaku, mahaifin John, ya fito da zuga-zugi na ƙarfe. Ganga ce ta ƙarfe mai marfi a ciki, marfin yana hawa yana sauka, yana tura iska kamar famfon keke.

Sai dai rafi ba ya jin umurni. Lokacin zafi ruwa yakan ja baya. Lokacin tsananin sanyi yakan daskare. Da ruwa ya ragu, sai ƙafa ta tsaya, zuga ta tsaya, a kashe tanderu. Ma'aikata su zauna gida ba albashi, iyalansu su shiga wahala. Mai tanderu kuma ya rasa abin sayarwa.

Injin tururi

Idan ruwa yana tafasa a tukunya, tururi yakan ɗaga marfi. Wannan ƙarfi ne masu dabara suka nemi su sa shi aiki. A shekara ta 1712 Thomas Newcomen ya gina injin tururi don jan ruwa daga ramukan haƙar kwal. Injin yana kama da jigon masu lambu. Akwai dogon gungume da aka ɗora a tsakiya, yana sunkuyawa nan, yana sunkuyawa can. A ƙarƙashin kai ɗaya akwai gangar ƙarfe mai marfi a ciki. Makanikai suna kiran wannan marfi fistan. Ana cika gangar da tururi, sai a fesa ruwan sanyi. Tururi ya koma ruwa, cikin ganga ya zama wayam, iskar waje ta danno fistan ƙasa. Shi kuma ya jawo gungumen, ɗaya kan ya ɗago ruwa.

Injin Newcomen yana aiki, amma acici ne. Duk bugu ɗaya sai ganga ta huce, sai an sake zafafa ta. Kwal mai yawa yakan tafi a banza. Wani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Watt ya gano maganin wannan a 1765. Ya yi wa tururi wani mazubi dabam inda zai je ya huce, ganga kuwa ta zauna da zafinta. A 1769 ya sami takardar hukuma a kan dabararsa.

Amma Watt ya yi shekaru bai ga amfanin dabarar ba. Injinsa yana bukatar ganga mai santsi, wadda cikinta ya daidaita daga sama har ƙasa. Maƙeran lokacin ba su iya yin irinta ba. Tururi yakan zurare ta gefen fistan. Watt ya toshe da tsumma, ya toshe da takarda, har da tsohuwar hula, duk bai yi ba.

A nan ne John Wilkinson ya shigo. Shi yana ƙera igwa yana sayar wa hukuma. A 1774 ya fito da sabuwar hanya: ya zuba igwa curi guda ba rami, sa'an nan ya huda ta da na'ura, ramin ya miƙe sak. A 1775 ya yi wata na'urar don gangunan inji. Ya ratsa wata doguwar sandar ƙarfe ta cikin ganga, ya tallafe ta a kai biyu don kada ta lanƙwasa. Sandar tana juyawa, wuƙar da ke jikinta tana tafiya sannu a hankali tana fere cikin gangar. Matthew Boulton, abokin haɗin jarin Watt, ya auna wata ganga mai faɗin santimita 127 da Wilkinson ya fere. Ya tarar kuskurenta bai kai kaurin tsohon sule ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: Watt ya kawo dabara, Boulton ya kawo kuɗi, Wilkinson ya kawo ƙira.

Zaɓin 1776

A wannan lokaci mai tanderu yana da hanya uku a gabansa.

Ta farko, ya dogara ga rafi kamar yadda iyaye suka yi. Ruwa kyauta ne, ba a sayen kwal don juya ƙafa. Amma in ruwa ya janye, aiki ya tsaya.

Ta biyu, ya sayi injin Newcomen ya taimaki rafi. Tun wajen 1742 iyalin Darby suke yin haka a Coalbrookdale. Ruwan da ya riga ya juya ƙafa, inji yakan ɗebe shi ya mayar sama, ya sake zubowa. An san wannan inji, akwai masu gyaransa. Amma yana cin kwal da yawa, kuma aikin ya zama biyu: inji ya ɗaga ruwa, ruwa ya juya ƙafa, ƙafa ta yi zuga. A kowane mataki ana hasarar ƙarfi.

Ta uku, ya ɗauki sabon injin Watt, ya haɗa shi kai tsaye da gangar iska, ya rabu da rafi. Kwal ɗin da wannan inji yake ci bai kai rabin na Newcomen ba. Amma sabo ne, ba wanda ya taɓa gwada shi a tanderu. Idan ya lalace ana tsakiyar narki, ƙarfe ya daskare. Ga kuma sharaɗin Boulton da Watt: a lissafa kwal ɗin da aka rage ci, a ba su kuɗin kashi ɗaya cikin uku kowace shekara. Takardar Watt kuwa an tsawaita ta har zuwa shekara ta 1800.

Kafin mutum ya zaɓa, sai ya amsa tambayoyi. Nawa iskar da tanderu yake bukata? Nawa kuɗin kwal a wurin? Wata nawa rafi yake kasawa a shekara? Wa zai gyara inji in ya lalace? Wilkinson yana da abin da sauran ba su da shi. Shi ne mai fere gangar, ya san ingancinta. Yana da maƙeran da za su zuba kayan injin, su kuma gyara shi. Sai ya zaɓi hanya ta uku.

A shekara ta 1776 aka kafa injin a New Willey. Faɗin gangar tururinsa ya kusa mita ɗaya. A masana'antun Wilkinson aka ƙera yawancin kayansa, Watt kuma ya zo da kansa ya duba kafawar. A kai ɗaya na gungumen akwai gangar tururi, a ɗaya kan akwai gangar iska. Fistan na tururi yana sauka, na iska yana hawa, iska tana bin bututu zuwa gindin tanderu. Irin wannan inji yana hura iska bugu-bugu, tanderu kuwa iska mai ɗorewa yake so. Don haka akan haɗa shi da wani rumbun iska, wanda yake tarawa yana saki a daidaice. Dalilin da ya sa maƙerin Hausa yake amfani da zuga-zugai biyu ke nan: kafin ɗaya ya ƙare, ɗaya ya kama.

Injin ya yi aiki. Shi ne injin Watt na farko da ya yi wa tanderu zuga, kuma yana cikin biyun farko da aka kafa wa masu sana'a. Ɗayan yana jan ruwa a ramin kwal na Bloomfield. Masu tanderu suka ga abin da ya faru, suka fara bin sawu. Daga nan ba dole ba ne a gina tanderu a bakin rafi. Ana iya gina shi inda kwal da tama suke, ya yi girma, ya yi aiki rani da damina. A 1788 Birtaniya ta narka ƙarfe wajen ton dubu 68. A 1806 ya wuce ton dubu 240. Zugar tururi tana cikin manyan dalilan wannan ƙaruwa.

Mahaukacin ƙarfe

Wilkinson yana son ƙarfe har mutane suka yi masa laƙabi da mahaukacin ƙarfe. Yana cikin waɗanda suka sa kuɗi aka gina gadar ƙarfe a kan kogin Severn. Jikan Abraham Darby ne ya zuba ƙarfenta, aka kafa ta a 1779. Har yanzu tana nan tsaye. A 1783 ya sa injin tururi yana ɗaga babbar guduma a Bradley. A 1787 ya ƙera jirgin ruwa na ƙarfe mai tsawon mita 21. Mutane sun zaci zai nutse, amma da aka tura shi kogi sai ya yi ta iyo. Ya buga kwabbai masu hoton kansa, yana biyan ma'aikata da su, don ƙananan kuɗi sun yi ƙaranci a ƙasar. Ya kuma gina wa ma'aikatansa gidaje.

Aikinsa ya ƙetare teku. Ya sayar da bututun ƙarfe don kai ruwan kogin Seine cikin unguwannin Paris. Ƙanensa William ya tafi Faransa, ya taimaka aka gina masana'antar Le Creusot. A can aka narka tama da gasasshen kwal a watan Disamba na 1785.

Amma ba duk abin da ya fito daga tanderunsa ne na alheri ba. Igwoyin da ya ƙera sun shiga yaƙe-yaƙe, sun kashe mutane. Ƙarfen da ake yin fartanya, da shi ake yin mashi.

Kuskurensa da ƙarshensa

Kusan shekara 20 Wilkinson ne yake fere wa Boulton da Watt gangunan injinsu. Sun yarda da shi ƙwarai. Ashe a ɓoye yana ƙera injuna irin na Watt, yana amfani da wasu, yana sayar da wasu, ba ya biyan haƙƙin masu dabara. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Wajen 1795 ya yi rigima da ƙanensa William a kan dukiya, William ya tona asirin. Dole John ya biya kuɗi masu yawa. Boulton da Watt kuma suka buɗe tasu masana'antar zubi kusa da Birmingham a 1796, suka daina dogara gare shi. Ya rasa ciniki, ya rasa amana, ya rasa zumuncin ɗan'uwa.

John Wilkinson ya mutu a Bradley ran 14 ga watan Yuli na 1808, yana da shekara 80. Tun da ransa ya tanadi akwatin gawa na ƙarfe. Aka binne shi a gidansa na Castlehead, arewacin Ingila. A ƙauyen Lindale akwai wata hasumiyar ƙarfe da aka yi don tunawa da shi, har yau ana ganinta. Wasu ma'aikatansa sun ɗauka zai dawo bayan shekara bakwai ya duba tanderunsa. A 1815 jama'a mai yawa suka taru kusa da Bradley suna jira. Wanda ya mutu ba ya dawowa, haka suka watse.

Ya bar dukiya mai yawa da ƴaƴa ƙanana uku da ya haifa da tsufansa. Wani ɗan ƴar'uwarsa ya kai ƙara kotu yana neman gadon. Aka yi shekaru ana shari'a. Kafin 1828 yawancin dukiyar ta salwanta.

Dukiyar ta tafi, amma aikin ya zauna. Yau manyan tanderun duniya ba sa amfani da gungume da gangar Watt. Manyan fankoki masu gudu ne suke hura musu iska mai zafi. Ƙananan masu sana'a ma sun sake dabara. A kasuwar Katako ta Yamai, masu zubin tukwanen alminiyam sukan juya ƙafar keke, ita kuma ta juya ƙaramar fanka ta hura gawayi. Tambayar da suke yi wa kansu ita ce wadda Wilkinson ya yi a 1776: wace hanya ce za ta ba wuta isasshiyar iska, ba yankewa, da kuɗi kaɗan?

Ma'anar kalmomi

Tama: dutsen da ake narkawa a sami ƙarfe.
Tanderu: ginin da ake hura wuta mai tsananin zafi a cikinsa.
Kwal: baƙin gawayi mai tauri da ake haƙowa daga ƙasa.
Tururi: abin da ke tashi daga ruwa in ya tafasa.
Zubi: zuba narkakken ƙarfe cikin gurbi don ya ɗauki siffarsa.
Igwa: babbar bindiga ta yaƙi.
Jigo: sandar da masu lambu suke jan ruwa da ita.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka haifi John Wilkinson, kuma mece ce sana'ar mahaifinsa?
2. Me ya sa gasasshen kwal yake bukatar iska mai ƙarfi?
3. Me yake samun ma'aikata idan rafi ya janye?
4. Mene ne bambancin injin Newcomen da na Watt?
5. Faɗi hanyoyi uku da mai tanderu yake iya zaɓa. Kawo amfani da aibin kowace.
6. Wane kuskure Wilkinson ya yi wa Boulton da Watt? Me ya jawo masa?
7. Shekara nawa ke tsakanin injin Newcomen da injin New Willey?

Aiki

Ku je maƙerar garinku tare da malaminku. Ku gai da maƙeri, ku roƙe shi ya nuna muku zuga-zuginsa. Ku tambaye shi da me aka yi shi, da abin da yake samun wuta in an daina zuga. Idan kun komo aji, kowa ya zana abin da ya gani, ya rubuta jimla biyar a ƙarƙashin zanen.